Sunan Da Ba Ya Shiga Cikin Waƙa

Ku zaɓi waƙar fim ɗin Hausa guda ɗaya da kuka fi so, wadda kuka haddace tun daga farko har ƙarshe, sannan ku amsa tambayoyi uku. Wane jarumi ne ya hau ta a fim? Wannan ko ɗan firamare zai faɗa. Muryar wa kuke ji? Nan ma da yawa za su ci, domin sunayen irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Fati Nijar ba baƙi ba ne a Fakku ko Kebbe ko Tambuwal. To, wa ya zauna ya rubuta baitocin? A nan ne aji yakan yi tsit.

Wani zai ce ai wanda ya rera shi ya rubuta. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba. In waƙar ta mutum biyu ce, namiji da mace, galibi mutum ɗaya ne yake tsara baitocin duka, ya ba zabiya nata a takarda ko ya biya mata ta ɗauka. Akwai kuma masu baiwar rubutu waɗanda Allah bai ba su murya ba, su rubuta su miƙa wa mai murya. Daga nan jarumi ya zo gaban kyamara yana motsa baki, abin da 'yan fim ke kira mamin. Ke nan waƙa ɗaya tana iya ratsa hannun mutum uku ko huɗu, in an haɗa da mai fiyano, kafin ta iso wayoyinmu daga rumfar mai caji da tura fim.

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, fim ɗin Hausa yake tafiya, kuma zuwa lokacin Sangaya da Wasila, wajen 1999 da 2000, waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim. Mu ba a ma haife mu ba a lokacin, amma ku tambayi yayyenmu da iyayenmu mata, za su ce muku Ali Nuhu, su ce Fati Muhammad, wataƙila har su rera muku amshin. Fuskar aka riƙe, sai muryar. Mai alƙalamin ne kullum yake zuwa a ƙarshe, in ma ya zo.

Abin lura shi ne, wannan ba halin magabatanmu ba ne. Marubutan waƙoƙin Hausa sun daɗe da sanin cewa waƙa tana da ƙafa, takan yi tafiyarta ta bar mai ita a gida. Shi ya sa suka mai da shi al'ada su saka sunansu a baitocin ƙarshe, wani lokaci har da garinsu da shekarar da suka kammala, ta hanyar ramzi, wato haruffan da ke tsayawa a madadin lambobi. Misali mafi kyau yana nan ƙasar Sakkwato. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u da ɗansa Isa suka yi aikin tahamisinta da mai da ta Hausa, kuma wannan bayani yana cikin ƙarshen waƙar kanta. Duk wanda ya haddace ta ya haddace sunayen masu ita, ko ya so ko bai so ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san waƙoƙinta ba a bakinta za su tsaya ba, domin matan da ake kira jaji ne ke ɗaukar su zuwa ƙauyuka suna koya wa 'Yan Taru. Marubutan da suka biyo baya, irin su Aliyu Namangi na Zariya da Aƙilu Aliyu mutumin Jega, maƙwabcinmu, a cikin wannan al'ada suka taso.

To me ya hana marubucin waƙar fim yin haka? Dalilin ba boyayye ba ne: baitin ba nasa ba ne, na mutumin da ke cikin labarin ne. In saurayi a fim yana lallashin budurwarsa da waƙa, ba zai tsaya a baiti na ƙarshe ya ce wane ɗan wane na unguwa kaza ne ya tsara ba. Labarin zai wargaje nan take. Wasu mawaƙan yanzu sukan cusa sunansu ko na sutudiyo a farkon waƙa, kuma a waƙar kundi babu laifi, amma a tsakiyar fim mu dai yana fizge mu daga cikin labarin. Wanda ke rubuta wa bakin wani dole ya ɓace daga cikin rubutunsa. In sunansa zai rayu, sai dai ya rayu a waje: a kan fosta, a jerin sunayen ƙarshen fim, a takardar yarjejeniya.

Ma'aikacin gwamnatin da ya ɓoye sunansa

Turawa sun fi shekara 400 suna fama da wannan matsala, a cikin wani nau'in wasan kwaikwayo da suke kira ofera, wanda ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600. Ana yin sa a kan dandamali gaban jama'a, sai dai maimakon 'yan wasa su yi magana, rera duka ko mafi yawan labarin suke yi, ga taron makaɗa zaune a ƙasan dandamalin. Mutum biyu ne ginshiƙinsa: mai tsara kiɗa, da mai rubuta labari da baitoci. Rubutun nan sunansa libireto, wato ɗan ƙaramin littafi da harshen Italiya, saboda a da ana buga shi a sayar wa 'yan kallo su riƙa bi. Har gobe in an ambaci ofera, sunan mai kiɗan ake kira. Na marubucin yana can ƙasa da ƙananan haruffa.

Ɗaya daga cikin gwanayen wannan sana'a a Faransa shi ne Ludovic Halévy, wanda Faransawa ke furta sunansa Alebi. An haife shi a birnin Faris ranar 1 ga Janairun 1834, a gidan da rubutu da kiɗa suka zama gado: mahaifinsa Léon marubuci ne, baffansa Fromental kuma sanannen mai tsara kiɗan ofera. Duk da haka, abin da ya fara yi shi ne abin da iyaye da yawa a nan ke so wa 'ya'yansu, wato aikin gwamnati. Ya yi aiki a ma'aikatu, har da wadda ke kula da Aljeriya lokacin tana hannun Faransa, daga baya ya koma majalisar dokoki yana cikin masu rubuta bayanan zamanta.

Yana da shekara 21, a 1855, wani mai tsara kiɗa haifaffen Jamus mai suna Jacques Offenbach ya buɗe ɗan ƙaramin gidan wasa a Faris, yana neman mai rubuta masa baitoci cikin gaggawa. Halévy ya karɓi aikin, amma da sunan aro, Jules Servières, domin wasannin barkwanci ne, kuma ma'aikacin gwamnati mai neman ƙarin girma ba ya son a ga sunansa a jikin irinsu. A 1858, da aka yi wasan da ya ɗaga Offenbach sama, Orphée aux enfers, Halévy ya sa hannu a rubuta baitocin, amma sunan abokin aikinsa Hector Crémieux kaɗai ya fito. Shi ya nemi a yi hakan. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, mu da muka san yara masu rubuta waƙa a bayan littafin lissafi suna ɓoyewa kada a ce a gida sun zama maroƙa.

Wani abu da ya horar da shi tun farko shi ne ƙunci. Lasisin da gwamnati ta ba gidan wasan Offenbach bai yarda a sa 'yan wasa masu magana fiye da uku ba, daga baya aka ƙara zuwa huɗu. Duk labarin da zai rubuta dole ya shiga cikin wannan ɗan akurki. Ga kuma masu tace rubutu na gwamnati da ke karanta kowane wasa kafin a hau dandamali da shi, kamar yadda Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, take duba fim kafin ya fita.

Wajen 1860 ya haɗu da Henri Meilhac, suka zama tamkar Hasan da Husaini na kimanin shekara 20. Tare suka rubuta wa Offenbach La belle Hélène a 1864, da La Vie parisienne a 1866, da La Grande-Duchesse de Gérolstein a 1867. Na ƙarshen nan labarin wata sarauniyar ƙaramar ƙasa ce da ta ga wani kurtun soja ya yi mata, ta yi ta ƙara masa girma har ya zama janar, ba don ya iya yaƙi ba. Dariya ce a fili, habaici ne ga masu mulki da manyan soja a ɓoye. Sarkin Rasha ya zo ya kalla, haka ma Bismarck na Jamus, wanda shekara uku bayan nan ƙasarsa ta murƙushe Faransa a fagen yaƙi. A cikin waɗannan shekaru ne rubutu ya fara ciyar da Halévy har ya ajiye aikin gwamnati, ya kuma daina ɓoye sunansa.

Ɗinki a kan awon wani

Kada ku ɗauka duk wanda ya iya tsara waƙa ya iya wannan aiki. Mai rubuta waƙar kansa shi ke zaɓar kari da tsawon ɗango da amsa-amo, kamar mai ɗinka wa kansa riga. Mai rubuta wa wasa kuwa tela ne, awon wani yake bi. Akwai lokutan da mai kiɗa a Faransa zai riga ya gama karinsa, sai ya cika shi da kalmomin banza marasa ma'ana, don kawai ya nuna yawan gaɓoɓi da inda nauyi ya faɗa, ya aika wa marubuci ya zuba kalmomin gaske a gurbinsu. Sunan da suka ba wannan shirme a harshensu ma'anarsa dodo. Marubucin zai karɓi dodon nan ya mai da shi baitin da zai sa mutane hawaye, ba tare da ya ƙara gaɓa ɗaya ko ya rage ba.

Sannan ga mai rerawa, wanda ke buƙatar wurin shaƙar numfashi, da wasali mai buɗe baki a inda murya za ta hau sama. Ga labari, wanda bai kamata ya tsaya cak don ana waƙa ba. Wannan ma shi ne ƙorafinmu da wasu finafinanmu: waƙa ta zo ta wuce, minti biyar ko shida, in an cire ta babu abin da labarin ya rasa. Ƙwararren marubuci yakan sa waƙar ta yi aiki, a shiga cikinta jaruma tana shakka, a fito ta yanke shawara.

A Hausa aikin ya ma fi tsanani, saboda abin da malaminku na Hausa yake ta nanatawa game da dogon wasali da gajere da karin sauti. Ku ɗauki kalmar gari. In wasalin farko gajere ne, wurin zaman mutane ke nan. In an ja shi, ya koma abin tuwo. Yanzu a ce marubuci ya sa jaruma ta ce za ta bar gari saboda masoyinta, sai kiɗan ya zo da dogon sauti daidai kan gaɓar farko. Ta tashi daga mai shirin yin hijira ta koma mai yajin tuƙa tuwo. Mai kunne zai ji, ko da bai san sunan abin da ya ji ba. Don haka darasin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, wanda da yawanmu muka haddace don jarrabawa kawai, shi ne ainihin kayan aikin masu wannan sana'a.

Carmen

Aikin da ya sa har yau ake ambaton Halévy da Meilhac shi ne Carmen. A 1872 gidan wasan Opéra-Comique na Faris ya nemi su yi aiki da wani matashin mai kiɗa, Georges Bizet, wanda ɗalibin baffan Halévy ne kuma mijin 'yar baffan nasa, Geneviève. A wannan gida magana da waƙa karɓa-karɓa suke yi, kamar dai fim ɗinmu, sai suka raba aikin: Meilhac ya ɗauki maganganu, Halévy ya ɗauki baitoci. Bizet ne ya kawo shawarar a ɗauko wani gajeren labari da Prosper Mérimée ya wallafa a 1845.

Labarin ya faru ne a Sifaniya, a birnin da malamanmu suka sani da Ishbiliya cikin tarihin Andalus. Wani soja, Don José, ya faɗa son Carmen, ma'aikaciyar kamfanin taba, 'yar wata ƙabila mai yawo da Turawa ke rainawa. Saboda ita ya saki aikinsa ya shiga cikin 'yan fasa-ƙwauri. Da ta juya masa baya ta koma wa wani mai wasa da bijimai, wasan da ya yi kama da hawan ƙahon mahautanmu, sai kishi ya rufe masa ido ya kashe ta.

Juya littafi ya koma wasa ba kwafa ba ne. Mu ma mun ga irinsa da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Dole a zubar da wasu abubuwa, a ƙirƙiro wasu. A littafin Mérimée, José ne ke ba da labarinsa daga kurkuku yana jiran hukuncin kisa, Carmen tana da miji wanda José ya kashe, mai wasa da bijimin kuwa ɗan ƙaramin mutum ne da bai taka wata rawa ba. Marubutan biyu suka cire kurkukun, suka cire mijin, suka ɗaga mai bijimin ya zama tauraro mai suna Escamillo. Sannan suka ƙirƙiro wata yarinya da babu ita a littafin, Micaëla, 'yar ƙauyen su José mai kunya da natsuwa, wadda ke kawo masa saƙon mahaifiyarsa.

Akwai dalilin ƙirƙiro ta. Gidan Opéra-Comique wuri ne na iyalai, inda iyaye ke kawo 'ya'yansu mata, har ma a can ake haɗa masu neman aure su ga juna. Ɗaya daga cikin shugabannin gidan, Adolphe de Leuven, da ya ji labarin da za a kawo masa sai hankalinsa ya tashi. Halévy, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari bayan shekara 30, shi aka tura ya lallashe shi. Ya yi masa alkawarin za a sassauta, za a sa yarinyar kirki a ciki, dattijon kuma ya roƙe shi da kada a bari Carmen ta mutu a kan dandamali. Wannan kam bai samu ba. De Leuven ya bar muƙaminsa a 1874, kuma da aka sake matsa lamba lokacin gwaji, Bizet da manyan mawaƙan biyu suka tsaya kai da fata sai an bar ƙarshen yadda yake.

Wasu suna ganin Micaëla tsoro ne kawai ya haife ta. Mu ba mu ga haka ba. In babu ita, ɗan kallo ba zai ga abin da José ya watsar ba, wato gida da uwa da mutunci, kuma faɗuwarsa ba za ta yi ciwo ba. Matsin da aka yi wa marubucin ya juya shi ya zama gyara ga labarin, kuma wannan ita ce gwanintar.

Amma ko baitocin nasa ba duka suka tsira ba. Waƙar da Carmen ke fara fitowa da ita, wadda ta fi kowace shahara a wasan, ana kiran ta Habanera. Célestine Galli-Marié, wadda ta fito a matsayin Carmen, ba ta gamsu da abin da aka fara tsara mata ba, aka yi ta sauyawa, har daga ƙarshe Bizet ya ture mafi yawan abin da Halévy ya rubuta ya zuba nasa kalmomin. Karin waƙar ma ba na Bizet ba ne. Ya ɗauko shi yana zaton waƙar gargajiya ce marar mai ita, sai daga baya ya gano ta wani mutumin Sifaniya ce, Sebastián Iradier, ya kuma rubuta hakan a jikin littafin kiɗan. Masu yi wa mawaƙanmu gorin ɗaukar karin Indiya su sani aro tsohon abu ne. Inda Bizet ya sha bamban da wasu namu shi ne ya faɗi inda ya aro.

An fara nuna Carmen ranar 3 ga Maris 1875. Jama'a suka karɓe shi da sanyin jiki, jaridu da dama suka yi masa ca, suna cewa bai dace da gidan mutunci ba. Wata uku cif bayan nan, ranar 3 ga Yuni, Bizet ya mutu yana da shekara 36, bai ga ranar aikinsa ba. A watan Oktoba aka kai wasan Biyenna ta Ostiriya ya karɓu, daga can ya bazu duniya, bai dawo Faris ba sai 1883. A hanya, wani abokin Bizet mai suna Ernest Guiraud ya mai da maganganun waƙa, abin da ya sa aka yanke da yawa daga rubutun Meilhac. A 1904 gidan da ya so ya ƙi wasan ya nuna shi karo na 1,000, Halévy yana raye ya gani. Meilhac ya riga ya mutu tun 1897.

Halévy ya samu girma a ƙasarsa. A 1884 an zaɓe shi cikin majalisar masana harshen Faransanci mai kujeru 40, sai dai abin da ya share masa hanya shi ne wani littafin ƙagaggen labari, L'Abbé Constantin, da ya fitar a 1882. Yau ba kasafai ake karanta littafin ba. Carmen kuwa tana cikin wasannin ofera da aka fi nunawa a duniya, kuma kowa Carmen ta Bizet yake cewa. Ya mutu a Faris a watan Mayun 1908.

Suna da kuɗi

Duk da sunansa yana ƙasan fosta, Halévy bai mutu a tsiya ba, kuma ba sa'a ce ta jawo haka ba. Tun 1777 wani marubucin wasan kwaikwayo, Beaumarchais, ya tara 'yan uwansa marubuta don su ƙwaci haƙƙinsu daga masu gidajen wasa. A 1791 Faransa ta yi dokar da ta hana a nuna wasan marubuci sai da izininsa, a 1829 kuma aka kafa ƙungiyar marubuta da masu tsara kiɗan wasanni, wadda har yau tana nan. Ita ke bin gidajen wasa tana karɓo wa mambobinta kaso daga kuɗin ƙofa. Ma'ana, duk daren da aka nuna Carmen, wani abu yana shiga aljihun wanda ya rubuta baitocin. Ba sallama ɗaya aka yi masa aka ce Allah ya sa albarka ba.

A Indiya, wadda finafinanta suka yi wa namu tasiri, sai da aka yi irin wannan gwagwarmaya. Salim Khan da Javed Akhtar, waɗanda suka rubuta Sholay na 1975, sun ba da labari da bakinsu cewa lokacin Zanjeer, fim ɗin da ya fito da Amitabh Bachchan a 1973, mai fenti suka ɗauka haya ya bi fostoci a titunan Bombay yana buga sunayensu. Bayan kusan shekara 40, Javed Akhtar yana ɗan majalisa ya tsaya tsayin daka har aka gyara dokar ƙasar a 2012, yadda marubucin waƙa da mai kiɗa za su ci gaba da samun kasonsu in an yi amfani da waƙar a wajen gidan sinima, kamar rediyo da talabijin.

A Nijeriya ma akwai doka, sabuwarta ita ce ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris 2023, kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka da ke kula da ita. Abubuwan da ta tanada sun shafe ku kai tsaye. Da zarar ka rubuta waƙarka a takarda ko ka naɗe ta a waya, haƙƙinta ya zama naka, ba sai ka yi rajista ba. Yana nan tsawon rayuwarka da shekara 70 bayanka. Kana da damar a ambace ka a matsayin mai ita. Kuma sayar da haƙƙin baki ɗaya ba ya tabbata sai a rubuce.

Ba mu da gidan ofera a ƙasar Kebbe, amma aikin Halévy ana yin sa a nan kowane zangon karatu. Waƙar da 'yan mata ke rerawa a walimar saukar Alƙur'ani, wani ne ya tsara ta. Wasan da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ke yi ranar ba da kyaututtuka, da 'yar waƙar da ke tsakiyarsa, sau da yawa wata malama ce ta rubuta, ko wata 'yar aji biyar da ke zaune a baya ba wanda ya kula da ita. Mai gabatarwa zai kira shugaban taro da uban taro da uwar taro da babban baƙo, ya gode wa wanda ya ba da aron lasifika, a watse ba a ji sunanta ba. Kafin la'asar wani ya ɗora bidiyon a WhatsApp ko TikTok, washegari yana Jega da Sakkwato.

In waƙar da kuka rubuta tsayayya ce, ba a bakin wani ɗan wasa take ba, baitin ƙarshe naku ne kamar yadda yake na su Aƙilu Aliyu. In ta cikin wasa ce, ku rubuta suna da kwanan wata a saman shafin farko, ku adana takardar asali da duk goge-gogen da ke cikinta, domin ita ce shaidar da ta fi wuyar ƙaryatawa. Ku nemi mai gabatarwa ya faɗi sunan marubuci kafin a fara, a kuma rubuta shi a ƙasan bidiyon kafin a tura. Ranar da wani mawaƙi ya ce yana son baitocinku zai biya, a yi 'yar takarda ko da shafi ɗaya ne: nawa zai bayar, a waƙa ɗaya zai yi amfani da su ko ya saye ne baki ɗaya, kuma a ina sunanku zai fito. Tunda yawancinku ba ku kai shekara 18 ba, mahaifi ko wani babba a gida ya sa hannu tare da ku, malami ya zama shaida.